Kanari da ɓera a shago ɗaya: amsa ga wani tela a Fagge

Wani tela daga Fagge ya aiko da tambaya. Yana da kanari a keji a shagonsa shekara huɗu ke nan, kuma tun shigowar hunturu ƙananan ɓeraye suka addabe shi, suna bin geron da tsuntsun yake zubarwa, har sun fara taɓa ɗinkin mutane. Abin da ya ɗaure masa kai, girman halittun biyu kusan ɗaya ne, abincinsu ma ɗaya, amma shi kanari guda yake ta lallaɓawa, ɓeraye kuwa kullum kashewa yake yi ba sa ƙarewa. Yana son sanin dalili, yana kuma tambaya ko ya zuba shinkafar ɓera ya bi da fiya-fiya ya huta.

Ɗan'uwa, bari in fara da na gaggawa. Kada ka fesa fiya-fiya a shagon nan muddin tsuntsun yana ciki, kada kuma ka zuba shinkafar ɓera a ƙasa. A aikina na likitan dabbobi na sha ganin mai kiwo ya fesa magani da daddare, ya rufe ɗaki, da safe ya tarar da tsuntsu a ƙasan keji, ɓerayen kuwa suna nan. Fiya-fiya maganin ƙwari ne, ba a yi shi don ɓera ba. Ɓera zai shige raminsa har warin ya lafa, shi kuwa na cikin keji ba shi da wurin gudu.

Dalilin yana cikin ƙirjin tsuntsu. Mu da ɓera numfashinmu iri ɗaya ne: iska ta shiga huhu, ta juyo ta hanyar da ta bi, kuma kullum akwai sauran tsohuwar iska da take saura a ciki. Tsuntsu ba haka aka yi shi ba. Bayan huhu yana da jakunkunan iska, galibi guda 9, a ƙirji da ciki, wasu har sun kutsa cikin ƙashi. Su ne suke tura iska ta ratsa huhun ta fuska ɗaya, ko yana shaƙa ko yana fitarwa, don haka sabuwar iska ba ta yankewa daga jininsa. Wannan ne ya ba shi ƙarfin tashi sama da doguwar waƙa ba tare da ya sarƙe ba. Ga zafin jikinsa da yake kai maki 41 a ma'aunin Salshiyos, namu 37, ga zuciya mai bugawa sau ɗaruruwa a minti guda. Jiki mai aiki da irin wannan sauri, duk abin da ke cikin iska, mai amfani ko mai guba, nan da nan yake kwashe shi.

Turawa sun daɗe da gane haka. A shekarun 1890 wani masani ɗan Sikotilan, John Scott Haldane, ya binciki gawarwakin ma'aikatan da suka mutu a ramukan haƙar kwal a Birtaniya, ya gano cewa da yawansu ba fashewar ce ta kashe su ba, iskar kabon monoksaid ce, wadda ba ta da wari ba ta da launi. Sai ya ba da shawara a riƙa shiga rami da ƙaramar dabba wadda gubar za ta kama kafin ta kama mutum. Dabbobin da aka yi ta amfani da su kuwa su ne waɗannan biyun da kake tambaya a kansu, ɓera da kanari. Daga baya kanari ya rinjaya, saboda da iskar ta taɓa shi zai yi shiru, ya fara tangaɗi, ya faɗo daga kan sanda kowa yana gani, alhali ɓera sai ya lafe a lungu ba a gane halin da yake ciki da wuri ba. Sai a 1986 Birtaniya ta sallami kanari daga wannan aiki, na'ura ta karɓa.

Na kawo wannan tarihi ne saboda sana'arka. Shagon tela a Kano ba ya rabuwa da janareta da dutsen guga na gawayi, kuma da sanyi ya matsa sai a ja ƙofa, wani ma ya shigo da kaskon wuta. Iskar da ta kashe ma'aikatan kwal ita ce take fita daga waɗannan duka. Janareta ya zauna a waje, nesa da ƙofa da taga. Idan ka ga tsuntsunka ya daina kuka ba dalili, ya kumbura gashi, yana buɗe baki yana haki, fitar da shi sarari nan take, kai da yaran shago ma ku fita, don abin da ya taɓa shi kun shaƙa.

To, ga ainihin tambayarka. Gaskiya ne nauyinsu ba shi da nisa. Kanarin da aka fi kiwo a nan, da farin mai toka-toka da mai ruwan ɗorawa a ƙirji, tsuntsayen dajinmu ne na yankin Sahel da kudancinsa, nauyinsu tsakanin giram 9 da 16. Ƙaramin ɓeran gida yana kamawa daga giram 12 zuwa 30. Duka biyun 'ya'yan ciyawa da hatsi ne abincinsu na asali. Daga nan suka rabu, kuma rabuwar tasu a kan haihuwa da tsawon rai take.

Cikin ɓera kwana 19 zuwa 21 ne. Tana haifar 5 zuwa 8 a lokaci guda, wani sa'in fiye, kuma kwana ɗaya bayan haihuwa tana iya ɗaukar wani cikin, tana shayarwa tana da juna biyu. 'Ya'yan da ta haifa, cikin mako 6 zuwa 8 su ma sun isa haihuwa. A wurin da abinci ba ya yankewa tana iya haihuwa sau 5 zuwa 10 a shekara, ka ga mace ɗaya ta ba ka 25 zuwa 80, ban da jikoki. Amma kaɗan ne cikinsu suke cika shekara guda a duniya. Mage ta ci, mujiya ta ci, maciji da shaho su ci, cuta da tarko su ɗauki nasu. Halittar da kowa yake farauta ba ta da lokacin jira, don haka jikinta bai tanadi komai don tsufa ba, duk ƙarfinsa a kan zuri'a ya tafi.

Kanari a daji ƙwai 3 ko 4 take yi, ta kwanta a kai kamar mako biyu, 'ya'yan su yi kusan mako uku a sheƙa uwa da uba suna ɗura musu abinci. Ba kuma duk shekara ba ne, sai lokacin da ciyawa ta yi 'ya'ya. A keji, in an kula da shi, yana kai shekara 8 zuwa 10, har ya wuce. Masana sun lura cewa tsuntsaye gaba ɗaya sun fi dabbobi masu shayarwa da suke daidai da su a girma tsawon rai, kuma babban abin da ya jawo haka fiffike ne: wanda zai iya tashi ya tsere wa maƙiyi, jikinsa ya ci ribar gyara kansa da daɗewa. Jemage ya ƙara tabbatar da wannan. Shi mai shayarwa ne kamar ɓera, amma yana tashi, kuma an taɓa samun wani ɗan ƙarami a Saiberiya, wanda nauyinsa bai kai giram 10 ba, ya shekara 41.

Saboda haka kisa kaɗai ba ya ƙarar da ɓera. In ka kashe goma, abincin goman nan ya koma wa waɗanda suka rage, su ƙara ƙiba su ƙara haihuwa, na maƙwabta kuma su shigo su cike gurbi. Yawan ɓera a wuri, abinci da maɓoya ne suke yanke shi. Hausawa sun gama magana da suka ce in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Giram 3 na hatsi ya ishi ƙaramin ɓera a yini, ruwa ma bai dame shi sosai ba, ɗan danshin da ke cikin abinci yana riƙe shi. Abin da kanarinka yake watsarwa ƙasa kullum ya ciyar da gida guda na ɓeraye. Ga tarin ƙyallaye a ƙarƙashin teburin yanka, wanda babu abin da uwar ɓera take so ta yi sheƙa da shi kamarsa.

Shi tsuntsun ba da gangan yake ɓarna ba. Ba shi da haƙori, da baki yake ɓare ƙwaya ya yar da ƙaiƙayi, ya haɗiye, ƙundu ya niƙa. A nan akwai kuskuren da yake kashe kanari da yawa: mai shi ya leƙa ya ga mazubin abinci cike, ashe ƙaiƙayi ne zalla a sama. Ka riƙa hure shi kowace safiya ka ga abin da ya rage. Tsuntsu mai wannan ƙanƙanta ba ya jure yunwar kwana ɗaya zuwa biyu. Ɓera kuwa haƙoransa na gaba huɗu ba sa daina tsiro har ya mutu, a babban ɓera suna ƙaruwa da fiye da milimita 2 duk mako, kuma gaban haƙorin ya fi bayansa tauri, don haka kullum bakinsa a wase yake. Shaddar mutane da wayar keken ɗinki da yake gaigaya ba ci yake yi ba, hanya yake buɗewa ko kayan sheƙa yake tara. Wayar da aka gaigaye kuwa tana iya tayar da gobara. Hadisi ya zo a Bukhari cewa Manzon Allah (SAW) ya yi umarni a rufe ƙorai, a rufe ƙofofi, a kashe fitila lokacin barci, domin ɓera yana iya jan lagwani ya ƙone mutanen gida. Rufe abinci da rufe ƙofa, har yau su ne kan gaba a maganin ɓera.

Ba ka tambayi batun waƙa ba, amma ba zan wuce shi ba, don shi ne dalilin da ya sa ka ajiye tsuntsun. Kanari ba da maƙogwaro irin namu yake kuka ba. Abin sautinsa yana can ƙasa, daidai inda bututun iska ya rabu biyu zuwa huhu, kuma kowane ɓangare yana iya fitar da nasa sautin, shi ya sa kake jin kamar murya biyu a baki ɗaya. Namiji ne mai doguwar waƙa, don kiran mace da shata wa sauran maza iyaka. Kuma koyonta yake yi. Ɗan tsako yana sauraren ubansa da mazan da ke kusa, ya yi ta gwadawa yana gyarawa har ta zauna, kamar dai yadda aka ce kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi. Masu kiwon da suke rataye ƙaramin kanari kusa da gwani sun riga masana zuwa wurin. Fernando Nottebohm na Jami'ar Rockefeller a Amurka ya yi shekaru yana nazarin kanarin Turawa, wanda asalinsa tsibiran Kanari ne da ke yamma da Maroko. A 1981 ya nuna cewa sassan ƙwaƙwalwar da ke kula da waƙa suna girma lokacin barbara, su ragu bayansa. A 1983 shi da Steven Goldman suka nuna cewa ƙwaƙwalwar baligin kanari tana haifar sababbin ƙwayoyin jijiya, abin da a lokacin yawancin masana suke ganin ba ya faruwa bayan an girma. Wannan ɗan tsuntsu ya sa aka sake duban ƙwaƙwalwar ɗan Adam kanta.

Ɓera ma yana waƙa. A 2005 Timothy Holy da Zhongsheng Guo na Jami'ar Washington da ke Sent Luwis suka naɗi sautin da namijin ɓera yake yi idan ya ji ƙanshin mace, suka tarar yana da gaɓoɓi da maimaici irin na waƙar tsuntsu. Ba ma jin sa ne saboda siririntarsa ta wuce kunnenmu: mu muna tsayawa a wajen kilohaz 20, wato ma'aunin siririntar sauti, shi kuwa yana yi tsakanin 30 da 110. Bambancin, na ɓera mafi yawansa gado ne, na kanari kuwa sai da malami.

Duniyarsu ma daban take. Kanari da ido yake rayuwa, da rana, yana ganin launukan da mu ba ma gani, da duhu ya yi kuwa ya zama abin tausayi. Ɓera idonsa rauni gare shi, da hanci da gashin baki yake tafiya, da dare, jikinsa manne da bango. Wannan ya sa zamansu a ɗaki ɗaya ya fi cutar da tsuntsun. Ɓera ya hau keji cikin dare, kanari ya firgita ya yi ta dukan waya cikin duhu har ya karya fiffike ko ya fasa kai. Babban baƙin ɓera mai hawa rufi yana cizon yatsun tsuntsu ta tsakanin waya, yana ma kashe shi ya ci. Kashi da fitsarin ɓera a mazubin abinci suna kawo ƙwayar salmonela, wadda take sa gudawa da mutuwar farat ɗaya. Idan kanarinka ya rage waƙa tun zuwan ɓerayen, ba kuma lokacin zubar gashi ba ne, ina kyautata zaton rashin barci ne.

Ga abin da zan yi da shagon nawa ne. Kejin a rataye shi da siririyar waya daga rufi, nesa da bango da kanta da labule, domin ƙaramin ɓera yana tsallen kusan santimita 30 kuma yana hawa igiya. A sa faranti mai faɗi a ƙarƙashi ya tare abin da ke zuba, a cire mazubin abinci da magariba a mayar da asuba, tunda tsuntsun ba ya ci cikin duhu. Gero da acca su koma cikin gwangwani ko bokiti mai murfi, ba leda ko buhu ba. A share shago kafin a tashi, a kwashe ƙyallaye, sauran abincin yaran shago kada ya kwana. Sannan a bi bango da ƙasan ƙofa da inda waya ta shigo: duk ramin da biro zai shiga, wato milimita 6 zuwa 7, ƙaramin ɓera zai bi ta nan. Da siminti ko ragar ƙarfe ake toshewa, tsumma da kwali aikin banza ne. Bayan an yi wannan sai tarko ya yi amfani. A sa da yawa a dare ɗaya, a jikin bango inda ake ganin kashi, da ɗan tunkuza ko ƙuli-ƙuli ko busasshen kifi. Ƙaramin ɓera mai son bincike ne, yakan faɗa a daren farko. Babba yana tsoron sabon abu, shi sai an bar masa tarkon da abinci ba a ɗana ba na 'yan kwanaki. Ka yi magana da maƙwabtanka na layi ku yi tare, don ɓera bai san iyakar shago ba.

Shinkafar ɓera da ake talla a kwalba ko ƙullin leda ba takarda, ba na ba kowa shawarar ta. Ba ka san abin da ke ciki ba, in yaro ya ci likita ma bai san da me zai fara ba, kuma an yi ta ne da hatsi, abin da tsuntsunka da kajin maƙwabta suke so. Ɓera ba ya iya amai, shi ya sa yake ɗanɗana sabon abinci kaɗan ya jira. In ya ji ba daɗi bai mutu ba, ba zai sake kusantarsa ba. Wanda ya mutu kuma a cikin silin ko bayan kaya zai ruɓe. Ƙwayar nan da ake sa wa buhun hatsi a rumbu kuwa, hayaƙinta ya kashe iyalai a cikin ɗaki, kada ta shigo inda mutum yake zama. Mage tana korar ɓera, amma kanari ma nama ne a wurinta. Kuma in ka ga jaɓa, ka ƙyale ta. Ba dangin ɓera ba ce, ba ta gaigayar kaya, kyankyasai da ƙwari take ci. Haka mujiya, wadda ake jifa saboda camfi, alhali guda ɗaya tana cin ɓera 3 ko 4 a dare.

Game da tsare tsuntsu a keji, malamai sun kafa hujja da hadisin ƙanin Anas, Abu Umair, wanda yake da ɗan tsuntsu yana wasa da shi, Annabi (SAW) yana tambayarsa labarinsa. Sharaɗin shi ne ci da sha da rashin azabtarwa. Ni abin da nake ƙarawa, yawancin kanarin da ake sayarwa a nan daga daji aka kamo su, kuma ba kasafai suke haihuwa a keji ba. Wanda ya riƙe guda ɗaya shekara goma ya fi wanda yake sayen sabo duk bayan wata uku sauƙi ga dajin. Ka haɗa masa da ɗanyen ganye wankakke, ɗan dafaffen ƙwai lokacin zubar gashi, ruwan wanka, da hasken safiya. Da dare a hunturu ka lulluɓe kejin da yadi mara nauyi, ka bar gefe ɗaya iska tana shiga.

Saura lafiyarka kai kanka, kuma wannan ya fi duk abin da na faɗa nauyi. Cikin ƙananan ɓerayen da suke shigowa gidaje da rani akwai wanda masana suke kira Mastomys natalensis, mai nonuwa da yawa, har zuwa 24, mai haifar 10 zuwa 12 a ciki ɗaya. Shi ne babban mai ɗauke da ƙwayar zazzaɓin Lassa, wanda aka fara ganowa a 1969 a garin Lassa da ke jihar Borno ta yanzu. Shi ɓeran ba ya ciwo, yana dai zubar da ƙwayar a fitsari da kashi. An fi samun cutar a Ondo da Edo da Bauchi da Taraba, amma Kano ba ta tsira ba, a Janairun 2020 ta ci rayukan likitoci a garin nan. Lokacinta kuwa shi ne wannan da kake ciki, daga Disamba zuwa Afrilu. Da ido, cikin dare, ba za ka bambance shi da sauran ba, don haka ka ɗauki kowane ɓera a matsayin shi.

Kada ka share kashin ɓera a bushe ƙura ta tashi. Ka jiƙa shi da ruwan bilic, awo ɗaya na bilic cikin awo tara na ruwa, ka bar shi minti biyar, ka kwashe da safar hannu ko leda. Mushen ɓera ma haka, a ƙulle a binne, kada a ba yara su jefar, sannan a wanke hannu da sabulu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan kashi 80 cikin 100 na masu kamuwa ba sa nuna alama mai tsanani, amma cikin waɗanda ta kwantar a asibiti kusan 15 cikin 100 suna rasuwa, wasu da suka tashi kuma ta bar su da kurumta. Alamun suna iya ɗaukar har kwana 21 kafin su fito, kuma farkonsu kamar maleriya ne: zazzaɓi, ciwon kai, ciwon maƙogwaro, kasala. Idan kai ko wani yaron shago ya yi zazzaɓin da ya ƙi jin maganin maleriya bayan kwana biyu zuwa uku, kada a tsaya a kemis. A tafi asibiti, a kuma faɗa wa likita da baki cewa akwai ɓeraye a inda ake aiki, domin jinyar zazzaɓin Lassa ta fi nasara idan an fara ta a kwanakin farko.